Katakon da Mma Ta Ba da Aro

A shekararmu ta huɗu a sashen zanen gine-gine aka raba mu rukuni-rukuni. Aka ce kowane rukuni ya tsara rumfa a kwamfuta, injin makaranta ya yanka masa katakonta, sannan ya je ya haɗa ta a wata unguwa inda mutane za su iya zama a ciki. Ba a yarda da ƙusa ba, ba a yarda da gam ba. Kowane guntun katako yana da tsaga, tsagarsa za ta shiga ta ɗan'uwansa su riƙe juna. Malamai za su zo ranar Asabar su ga rumfar a tsaye, bayan nan a kwance ta a kai harabar makaranta don nunin ƙarshen shekara. Makin zangon gaba ɗaya a kanta yake, namu mu duka.

Ni na ce a kawo ta Zongo, unguwarmu ta Hausawa a Kumasi. Akwai wani ɗan fili a bayan gidanmu inda dillalan shanu ke zama in sun dawo daga kasuwa, a kan wani tsohon benci, rana tana dukansu har la'asar ta yi sanyi. Tun ina ƙarama nake kallon filin nan ta tagar ɗakinmu ina gina masa abubuwa a raina. Da na faɗa wa 'yan rukuninmu, na yi ta bayani a kan inuwa da zumunci da yadda a unguwarmu ƙofar kowa a buɗe take. Suka yarda. Daga baya sun sha tuna mini wannan maganar ta buɗaɗɗiyar ƙofa.

Shugaban rukuninmu ɗan Asante ne, dogo mai tabarau, wanda ko biredi zai saya sai ya juya shi ya duba gefensa. Kullum da ɗan ƙarfen awo a aljihun rigarsa. Shi ya tsara haƙarƙarin rumfar, wato lanƙwasassun katakan da ke tasowa daga ƙasa su haɗu a sama. Ni kuma aka ba ni abin da zai kulle su a can ƙololuwa: wani zagayayyen katako mai faɗin hannu biyu a buɗe, da tsagogi kewaye da bakinsa, kowane haƙarƙari da tasa. Muna kiransa faifai. In babu shi, rumfar ba za ta tsaya da kanta ba. Na ɓata makonni ina huda masa ƙananan ramuka a kwamfuta, don ina so haske ya riƙa zubowa ƙasa kamar yadda gari ke zuba daga rariya in Mma tana tankaɗe. Ƙawata 'yar Tamale, wadda bakinta bai san tsoro ba, ta ce in dai rariya nake so, akwai a kasuwa da araha.

Injin ya gama yanka, muka ɗauko guntayen a aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake lodin kaya, muka jibge su a barandar gidanmu muka rufe da tamfol. Na kira Mma na nuna mata.

"Mma, don Allah kada kowa ya taɓa. Kowane ɗaya daban yake, babu mai kama da wani."

"To," in ji ta.

Na san wannan "to" ɗin tun ina goye, amma ranar hankalina yana kan rumfa. Muka koma makaranta saboda jarrabawa.

Ran Laraba da safe muka dawo da tsani da igiyoyi da gudumar roba. Shugaba ya ɗaga tamfol, ya tsaya, ya sake ɗaga ɗaya gefen kamar sauran suna ɓuya a can. Tulin ya ragu sosai.

Mma tana tsakar gida tana wanke wake. Na tsuguna kusa da ita.

"Mma, ina katakan?"

"Wasu suna gidan suna. Benci bai ishe su ba."

"Wasu?"

"Mai nama ya ɗauki ɗaya, teburinsa ya karye. Matar tela ta karɓi biyu tana shanya barkono. Duk za su dawo da su. Ke kam kamar ba a nan aka haife ki ba."

"Na ce miki kada a taɓa."

"Ai ba a taɓa ba. Aro aka yi." Ta tsiyaye ruwan waken. "Mutum ya shigo ya ga katako jibge har rufi, ya ce a ara masa ɗaya, in ce masa me? In ce na kwamfuta ne?"

Shugaba yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta kasuwa. Ya matso ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ni da Turanci me ta ce. Na fassara. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Mma ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa? Ka rame." Ya ce medase, wato na gode da yarensu.

Ranar gaba ɗaya muka yi ta yawo lungu-lungu muna karɓar rumfarmu. A unguwarmu kuwa ba a shiga gida a ce an zo karɓar abu kai tsaye. Sai an gaisa, an tambayi gajiya da yara da mai jiki, an sha ruwa, an yi maganar ruwan saman da aka yi jiya, sannan a ɗan karkata a ce, af, dama wani katako ne. A gidan suna mun tarar an ɗora haƙarƙari a kan bulo, mata sun jeru a kai suna yaba yadda ya lanƙwasa daidai da zama. Sai da muka yi wa jaririya addu'a aka cika mana hannu da alewa kafin su tashi. Na mai nama ya dawo da kitse a cikin tsagarsa da sawun wuƙa a bayansa. Na matar tela kuwa duk wanda ya ɗauka sai ya yi atishawa. Ƙawata tana tafe a bayana tana maimaitawa a hankali, da irin muryata, "Ƙofar kowa a buɗe take."

Ran Alhamis muka ta da haƙarƙarin. Wannan aikin ya yi mini daɗi duk da fushin da nake ciki. Mutum biyu su riƙe, ɗaya ya saita tsaga, shugaba ya buga da gudumar roba, sai ka ji katako ya shige cikin ɗan'uwansa da wata 'yar ƙara mai taushi. Abin da muka yi watanni muna juyawa a fuskar kwamfuta ya fara yin inuwa a ƙasa. Dillalan shanu suka janye bencinsu gefe suna kallo suna ba da shawara. Ɗaya ya ce bukkar Fulani ce ta je makaranta. Muka tallafe haƙarƙarin da igiya da gora kafin a kulle su a sama, sannan shugaba ya hau tsani ya miƙo hannu ya ce a ba shi faifai.

Babu faifai. Na ɗauka yana ƙasan tulin ne, shi ya sa ban neme shi ba jiya.

"Mai ramukan?" in ji Mma da na koma cikin gida. "Yana wajen Hajiya."

Hajiya maƙwabciyarmu ce, gidansu na kallon namu. Mijinta, wanda shi ma dillalin shanu ne, ya rasu a makon da muke jarrabawa. Na ji labari, na yi niyyar shiga gaisuwa in an gama rumfa.

"Me take yi da shi?"

"Ta shiga takaba. Maza suna ta shigowa gaisuwa har tsakar gida, ƙofar ɗakinta kuma ba labulen kirki. In an rufe ƙyaure zafi ya kashe ta. Sai na tuna da abin nan naki. An jingina mata a bakin ƙofa, tana ganin mutane ba sa ganinta, iska tana shiga. Kowa ya zo sai ya yaba."

"Mma, jibi malamai za su zo."

"Allah ya kawo su lafiya."

"Ki je ki karɓo mini."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni sosai. "Abin da aka kai gidan rasuwa ba a zuwa karɓa. Su suke dawo da shi in sun gama. Kina so a ce na bi matar da mijinta bai yi kwana bakwai a ƙasa ba ina neman katako?"

"Yaushe za ta gama?"

"In ta fita takaba."

Wato bayan watanni.

Na fita na faɗa musu. Shugaba ya sauko daga tsani ya buga waya makaranta ko za a sake yanka mana wani. Aka ce bakin injin ya karye, sai mako mai zuwa, kuma akwai rukunoni a layi kafin mu. Ya kashe wayar ya ce, cikin natsuwar da ta fi faɗa ciwo, shi ma a garinsu ana girmama makoki, har fiye da nan, amma bai taɓa jin inda aka yi makoki da aikin zangon mutane ba. Ya ce shi zai shiga ya roƙe ta. Na ce ai saboda irinsa aka jingina faifan. Ƙawata ta ce to ni in shiga, tunda ni ce mai unguwa.

Na sa mayafi na shiga bayan azahar. Tsakar gidan cike da mata da tabarmi da manyan tukwane. Aka nuna mini ɗakin, na raɓa ta gefen faifan na shiga na zauna.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Rana tana bugun faifan daga waje, ɗakin duk ya cika da ɗigo-ɗigon haske, a kan tabarma, a kan bango, a kan hannun Hajiya da carbinta. Daidai yadda na so ya kasance, har ya fi, don ban taɓa tunanin yadda zai sauka a jikin mutum ba. Na ji haushin kaina da na tsaya ina sha'awa alhali abin da ya kawo ni daban.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, 'yata. An ce ke kika yi wannan abin."

"Ni ce."

"Allah ya yi miki albarka. Da dare ya yi tsawo, da safe ina zama ina kallon 'yan hasken nan suna tafiya a ƙasa. Kafin su kai bakin gado azahar ta yi."

Aka kawo mini tuwo. Na ci. Na yi addu'a, na tashi na fito ba tare da na yi maganar faifan ba.

"Ina faifan?" in ji ƙawata.

"Na gaishe ta."

"Kin gaishe ta." Ta juya wajen sauran. "Ta gaishe ta. Sai mu rubuta wa malamai haka."

Da yamma hadari ya haɗu, iska ta taso, haƙarƙarin suka riƙa rangaji a cikin igiyoyinsu, mu kuma muna riƙe da gora kamar masu tare shanu.

Ran Juma'a da sassafe na hau trotro, motar haya, na tafi kasuwar Race Course. Na yi ta kutsawa tsakanin motoci da masu talla har na sami mai sayar da asabari, irin labulen nan na tsinke da ake naɗewa. Na zaɓi mafi kyau, mai jan zare a baki. A hanyar dawowa ina rungume da shi ina ta shirya maganar da zan yi, kowace na shirya sai in ji ta yi nauyi. Da na isa sai ban yi maganar ba. Na gaishe da Hajiya, na roƙi wata ƙanwarta ta riƙe mini kujera, na hau na ɗaura asabarin a saman ƙofar, na sake shi ya sauko har ƙasa a bayan faifan. Sannan na zauna na sunkuyar da kai.

Hajiya ta dubi asabarin, ta dube ni. Ta daɗe tana jan carbi.

"Uwarki ba ta gaya mini kuna bukatarsa ba."

"Gobe malamanmu za su zo, Hajiya. Shi ne ke riƙe rumfar."

"Shi ne jiya kika zauna kika cinye mini tuwo kika tafi?" Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji a gidan. "Gobe da safe za a kawo miki."

"Da na ɗauka yanzu, ba nauyi."

"Haka? Yara sun shafa masa manja, ƙura ta cika ramukan. Ba a mayar da aro da datti."

"Hajiya, don Allah kada a sa masa ruwa. Ko kaɗan."

"To," in ji ta.

Na fito ina jin wannan "to" ɗin a kunnena har bakin fili. Na faɗa wa shugaba gobe da safe. Ban faɗa masa sauran ba, don ina fata.

Da hantsin Asabar mata biyu suka shigo filin ɗauke da faifan a tsakaninsu, wata ta uku a baya da kwanon masa, don ba a mayar da aro hannu rabbana. Faifan yana ta ƙyalli, yana ƙamshin sabulu. An jiƙa shi tun jiya saboda manjan ya fita, aka goge kowane rami da soso, aka sake ɗauraye shi da asuba. Ruwa yana ɗiga daga bakinsa. Suka ce Hajiya tana godiya, Allah ya ba da sa'a.

Shugaba ya fito da ƙarfen awonsa ya sa a tsaga ɗaya, ya duba, ya sa a ta biyu. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, tsagogin duk sun matse. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma inji ya yanka su ne daidai wa daida, ba a bar wa farce wuri ba. Ya zauna a ƙasa, a cikin jar ƙasar nan da wandonsa mai guga, ya ɗauki masa ɗaya ya ci. Ban taɓa ganin ya ci abu bai juya shi ba sai ranar.

Muka shanya faifan a rana, amma ranar Kumasi a damina ba ta busar da ko ɗankwali da wuri. Muka raba samfefa, kowa ya kama tsaga yana gogewa. Jiƙaƙƙen katako ba ya goguwa, sai dai ya yi gashi-gashi ya cika takardar. Yatsuna suka yi ja. Ƙawata tana goga tana cewa in ta sake jin kalmar zumunci a bakina za ta jefa ni a kwata. Na ce ta jefa, ni ma na gaji da kaina.

Da muka ga lokaci ya ƙure, muka ɗaga shi sama haka nan. Maza biyu a kan tsani, sauranmu muna saita haƙarƙari daga ƙasa. Tsagogin suka kama baki suka tsaya. Shugaba ya yi ta bugu da gudumar roba, faifan ko motsi. Na shiga gida a fusace na ɗauko taɓaryar Mma, ban tambaye ta ba, na naɗe kanta da tsumma na miƙa masa.

"In muka buga da wannan, ba zai sake fita ba," in ji shi.

"In ba mu buga ba, ba zai shiga ba."

Ya dubi sauran. Babu wanda ya ce a'a. Ya ɗaga taɓarya ya riƙa dukan faifan zagaye, tsaga bayan tsaga, rumfar duka tana amsawa. Mma ta leƙo ta katanga ta ce a yi a hankali kada a fasa mata taɓarya, ta aro ce. A bugu na ƙarshe faifan ya zauna. Muka kwance igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, muka janye gora. Rumfar ta tsaya da kanta, haske ya zubo ta ramukan ya bazu a ƙasa.

Malamai suka iso muna share garin katako. Suka zagaya, suka shiga suka ɗaga kai, wata malama ta miƙa tafin hannunta cikin hasken tana juyawa. Na fara samun numfashi. Sai babban cikinsu ya ce to, mu nuna masa yadda ake kwance ta, mu fara da na sama. Shugaba ya hau tsani ya ja, ya tura, ya sa kafaɗa. Ya sauko ya yi bayani da gaskiya, tun daga gidan suna har sabulu. Malamin ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko a cikin duk lissafinmu mun taɓa tunanin inda katakon zai kwana kafin a haɗa shi. Ba mu taɓa ba. Mun ci zangon, amma an rage mana maki mai yawa saboda rumfar da ba ta kwancewa, kuma a nunin ƙarshen shekara wurinmu hoto kawai aka liƙa. Shugaba ya yi makonni yana gaishe ni da kai kawai.

Rumfar tana nan a filin. Dillalan shanu sun mayar da bencinsu ciki. Da Hajiya ta fita takaba ta zo ta zauna a ƙarƙashinta da yamma, ta ɗaga kai ta ce hasken ya fi kyau a ɗakinta, kuma ban yi musu ba. Yanzu duk mai suna ko walima a lungunmu wajen Mma yake zuwa neman izinin rumfar, ita kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Kwanaki na dawo daga aiki na tarar an ɗaura igiyar shanya daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, zannuwa suna ɗiga a kan katakon. Na shiga gida na ce, "Mma, na ce kada a riƙa sa masa ruwa."

"To," in ji ta, tana tankaɗe.